Lafiyarsa Ƙalau Muka Rabu Jiya

Duk wanda ya saba zama a tabarmar makoki a garuruwanmu ya san wannan magana. Ana cikin karɓar gaisuwa sai wani ya nisa ya ce, “Wallahi tare muka yi sallar isha'i, lafiyarsa ƙalau muka rabu.” Sai a ce Allahu Akbar, kwana ya ƙare, a shafa fatiha. Na sha jin ta, na kuma faɗe ta da bakina ranar da muka binne baffana, ƙanin mahaifinmu, yana da shekara 53. Mai sayar da yadi ne, siriri kamar sanda, bai taɓa kai taba bakinsa ba. Ya dawo daga masallaci da asuba, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta ce ko ƙwarnafi ne, ta tashi jiƙa masa kanwa. Kafin ta kawo kofin ya kife.

Bayan sadakar bakwai aka ɗora mini aikin tattara takardunsa saboda rabon gado. A cikin wata tsohuwar jakar Makka, tsakanin rasiɗan haya da takardun filaye, na ci karo da sakamakon gwajin jini da aka yi masa shekara huɗu kafin rasuwarsa. An rubuta jimillar kolestarol 8.4, an rubuta LDL 6.3, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowanne. Na kai wa matarsa na ce, “Inna, Baffa ya taɓa gaya miki an ce yana da kitse a jini?” Ta ce, “Ya dai ce an gwada shi, an ce ya rage cin maiƙo. Ya yi dariya ya ce ina maiƙon yake a jikin nan nasa? Iyakar abin da na sani ke nan.”

Ajali idan ya yi kira ba takardar da za ta tare shi, wannan ba abin musu ba ne. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali. Baffa ya biya kuɗi, an ɗebi jininsa, na'ura ta faɗi gaskiya, wani ya ga haɗarin har ya ja jan layi. Daga nan maganar ta mutu. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce, Alhaji, irin wannan lamba ba ta cin tsire ba ce, gado ce, kuma tana da magani. Tun daga ranar nake ganin cewa a harkar ciwon zuciya mun juya tsarin abubuwa. Mai kuɗi yana tsallake gwajin jini mai araha ya tafi Alƙahira ko Indiya a ɗauki hoton zuciyarsa. Talaka yana miƙa hannunsa ga na'urar bogi a bakin kasuwa. Gwajin da ya fi kowanne amfani, idan ma an yi shi, yana ƙarewa a jakar takardu.

Dariyar da Baffa ya yi tana da dalili, domin sunan da muka ba abin yana ruɗarwa. Idan an ce kitse, mutum tumbi yake hangowa da wuya mai ninki. Alhali yawancin kolestarol ɗin da ke yawo a jininmu hantarmu ce take haɗa shi, kuma jiki yana buƙatarsa. Da yake maiƙo ba ya narkewa a ruwa, sai an ɗora shi a kan wasu 'yan dako kafin ya bi jini. LDL shi ne ɗan dakon da ke kai kaya gari, kuma idan ya yi yawa yana kutsawa cikin bangon jijiya ya sauke a can. HDL, wani ɗan dakon, yana kwaso wani abu ya mayar hanta. Shekara da shekaru abin yana taruwa a bango ba ciwo ba ƙaiƙayi, har ranar da dunƙulen zai fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Idan jijiyar zuciya ce, a ce bugun zuciya. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, a ce shanyewar ɓarin jiki, ko kuma a ce ya faɗi a banɗaki, iska ta buge shi. Siriri da mai ƙiba duk abin yana samun su, ba a gane shi a fuska.

Wannan sanin bai tsufa sosai ba. A 1948 aka fara bin diddigin mutum 5,209 a wani gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts ta Amurka, ana auna su duk bayan shekara biyu, ana jiran a ga wa zuciya za ta kayar. Daga can aka tabbatar cewa hawan jini da taba da kolestarol su ne ke gaba. A 1985 Michael Brown da Joseph Goldstein suka karɓi kyautar Nobel saboda gano ƙofar da hanta ke amfani da ita tana janye LDL daga jini. Akwai waɗanda ake haifa da rabin ƙofofin nan a lalace, kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma kowane ɗa da suka haifa yana tsakanin gada da rashin gada, rabi da rabi. Likitoci kan fara zargin wannan gadon idan LDL ya kai 4.9. Na Baffa 6.3 ne. Da na tambayi mahaifina yadda kakanmu ya rasu, sai ya ce a gona, yana tsaye da fartanya a hannu, bai cika hamsin ba. A lokacin cewa aka yi jifa ne.

Wani zai ce, ana fama da abin da za a sa a tukunya kai kana maganar cutar masu kuɗi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan wannan ba. A 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Sai dai akwai gaskiya ɗaya a bakin mai wannan ƙorafi da ya kamata a ba shi. A wurinmu hawan jini ya fi kolestarol ɓarna nesa ba kusa ba. Babban binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya fito a 2018 da cewa hawan jini ne ummul haba'isin shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, rikicewar kitsen jini na biye da shi. Saboda haka idan kuɗin mutum na abu ɗaya ne tak, ya auna hawan jininsa, ya rage gishiri da dunƙule a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da wani jadawali a 2019 da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya amfani da shi ya ƙiyasta haɗarin mutum ba tare da lab ba, da shekaru da jinsi da awon hawan jini da nauyi da tsawo da shan taba kawai. Amma jadawalin nan da zai duba Baffa, siriri marar taba, ya ce ya tafi abinsa. Irinsa sai jini ne ke tona su.

Gwajin kansa ba wani abin wahala ba ne. Sirinji ɗaya ne a hannu, sakamako ya fito a yini ko washegari, kuma duk garin da ke da babban asibiti akwai lab ɗin da ke yi. A da sai an ce ka kwana ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12. Yanzu don gwajin farko likitoci da yawa ba sa sharɗanta haka, sai idan an ga wani nau'in kitsen, wanda ake kira tiragilisarayid, ya yi sama sosai. Abin da ke rikita mutane shi ne ma'auni. Wasu lab suna rubutawa da milimol, wasu da miligiram irin na Amurka, har ka ga mutum ya tsorata don nasa 190 ne na abokinsa 5. Kusan abu ɗaya ne, domin 5.2 a wancan ma'auni shi ne 200 a wannan, kuma nan ne iyakar da ake so jimillar ta tsaya a ƙasa da ita. Sannan jimillar ba ita ce maganar ba. LDL ake kallo, shi ma ba shi kaɗai ba. LDL 3.5 a jikin budurwa mai shekara 25 da ba ta da komai, da 3.5 a jikin dattijo mai shekara 60 da ke da suga da hawan jini yana kuma busa sigari, ba hukuncinsu ɗaya ba. Wannan lissafin ne aikin likita, kuma shi ne ainihin abin da ba a yi wa Baffa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke son gwaji amma ba wannan ba. Mutum zai yi gwajin taifot sau uku a shekara, duk lokacin da ya ji kasala. Sannan ga masu na'urar nan da ake kafawa a tasha ko a harabar masallaci ranar Juma'a, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, cikin minti biyu kwamfuta ta zubo shafi goma: hantarka ta yi kaza, ƙodarka ta yi kaza, kitsen jininka ya hau, ƙarfin mazakutarka ya ragu. Na tsaya na kalli wani yana yi wa layin mutane. Duk wanda ya riƙe ƙarfen sai an samu yana da cuta, kuma duk cutar da aka samu maganinta yana cikin jakar da ke ƙarƙashin tebur. Ba wata hanya da ƙarfe a tafin hannu zai auna kolestarol, sai an ɗebi jini. Kuɗin da mutanen nan suke biya na ƙarfe da kwalaben “wankin jini” da ya ishe su gwajin gaskiya har da canji. Hukumomin da ke da alhakin sa ido suna wucewa ta gaban teburan nan kullum.

Masu hali kuma nasu ruɗun daban ne. Na san wani attajiri da ya dawo daga waje yana nuna mana faifai da babban ambulan, yana cewa an duba shi daga kai har ƙafa, zuciyarsa kamar ta yaro. Da na tambaya wane hoto aka yi, ashe ECG ne da eko. ECG yana nuna yadda wutar zuciya ke gudana a daidai lokacin da aka maƙala wayoyin. Eko yana nuna tsokar zuciya da ƙofofinta, yadda take matsawa da saki. Dukkansu suna da amfani ƙwarai, musamman a wurinmu da zuciya ke kumbura saboda hawan jini, ko ƙofofinta su lalace tun yarinta bayan ciwon maƙogwaro, ko ta gaza wa mai jego, abin da likitocin Zariya suka yi ta rubutu a kai tun shekarun 1970. Amma mutum zai iya samun ECG da eko masu kyau da safe alhali jijiyarsa ta cika da dunƙule. Ba aikinsu ba ne ganin wannan.

Hoton da ke leƙa bangon jijiyar shi ne wanda ake yi da na'urar CT don auna ƙanƙarar kalsiyam. Dunƙulen kitse idan ya tsufa yana yin tauri kamar alli, na'urar kuma tana ganin taurin nan. Wani likitan zuciya a Amurka, Arthur Agatston, ya fito da hanyar ƙirga shi a 1990, har yau da sunansa ake kiran makin. Sifili yana nufin ba a ga komai ba. Daga 100 zuwa sama magana ta fara nauyi, daga 300 kuwa ba a wasa. Minti goma ne, ba allura, ba yanka. Ina ganin hoto ne mai kyau, kuma ba na cikin masu kushe shi. Sai dai ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2018 ta ajiye shi a wani gurbi ƙarami: mutumin da aka yi wa gwajin jini da lissafi, ya faɗo a tsakiya, shi da likitansa suka rasa ko a fara magani ko a jira. Mai raba gardama ne. Wanda LDL ɗinsa ya kai na Baffa ba ya buƙatar hoto kafin a ba shi magani. Mai suga, da mai shan taba, da wanda iyayensa suka faɗi da ƙuruciya, sifilin ba ya wanke su. Sabon dunƙule mai laushi, wanda bai yi tauri ba tukuna, ba ya fitowa a wannan hoton, shi ya sa sifili a jikin ɗan shekara 35 ba shedar komai ba ce. Binciken MESA da aka fara a Amurka a shekarar 2000 ya ma nuna cewa baƙar fata ba su kai turawa yawan wannan taurin ba, abin da ya isa ya sa mu yi hattara da ɗaukar sifili a matsayin takardar sallama. Ga kuma abin mamaki: maganin kolestarol kan ƙara makin, domin yana taurara dunƙulen ya hana shi fashewa. Wanda ke komawa duk shekara a sake masa hoton don ya ga ko magani na aiki, kuɗinsa yake zubarwa, yana kuma shan tururin na'ura a banza. Da jini ake bin sawun magani.

Akwai wani gwajin jinin da na fi so masu halin su kashe kuɗinsu a kai, wato Lp(a), wani ɗan dako mai kama da LDL wanda yawansa ke ƙara haɗarin toshewar jijiya. Wani ɗan Norway, Kåre Berg, ya gano shi a 1963. Gado ne kusan gaba ɗaya, abinci da motsa jiki ba sa sauya shi sosai, shi ya sa sau ɗaya a rayuwa ya isa. Kuma an san cewa mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi sauran jinsi yawansa. Ba kowane lab ke yin sa ba a nan, amma wanda ya iya biyan tikitin jirgi zai iya nemansa.

To, idan an gwada an ga ya hau fa? Nan ne hirar majalisa ke shigowa. Wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce zoɓo ba suga, wani ya ce ruwan zafi da lemon tsami da sassafe yana narkar da kitse, kamar jijiyar mutum kwanon miya ce. Gyaran ci yana da tasiri, ban musa ba. Man shanu da kitsen tsire da kayan ciki da manja mai yawa suna ɗaga LDL. Man da mai ƙosai ta soya da shi tun shekaranjiya har ya yi baƙi ba alheri ba ne. Gero da dawa da wake da zogale da kuɓewa da gyaɗa, abincin da muka fara rainawa, su ne ake ce wa bature ya koma musu. Amma mai gadon lalatacciyar ƙofar hanta ko ganye zai koma ci, lambarsa ba za ta sauko inda ake so ba. Irinsa sai sitatin, maganin da Akira Endo na Japan ya fara tsamowa daga wani nau'in fumfuna a 1973, sitatin na farko da aka amince a sayar kuma ya shiga kasuwa a Amurka a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajinsa a kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai: mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. Da aka haɗa manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya, an ga duk milimol ɗaya da aka sauke daga LDL yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Yau maganin yana kemis-kemis, yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Tsoron da ake yi masa na ciwon jiki ne, kuma wasu da gaske yana sa musu ciwon tsoka, sai a sauya musu wani ko a rage. Sai dai wani ƙaramin gwaji da aka yi a Landan aka fitar a 2020 ya nuna abin dariya. Mutum 60 da suka bar maganin saboda yana damun su aka riƙa ba su na gaske wata guda, na garin banza wata guda, ba su sani ba. Kashi 90 cikin ɗari na ciwon da suka ji da na gasken, sun ji shi da na banzan. Mai ciki da mai shayarwa dai a gaya wa likita kafin a sha. Babban kuskurenmu wani ne daban: a sha kwali ɗaya, a ji garau, a ce an warke. Ai da ma garau ake ji. Ana komawa gwaji bayan wata uku don a ga ko ya sauka, idan ya sauka kuma maganin ne ya riƙe shi, ranar da aka bari zai koma inda yake.

A Ingila tun 2009 duk wanda ke tsakanin shekara 40 da 74, in ba a riga an gano masa irin waɗannan cututtuka ba, ana gayyatarsa duk shekara biyar a auna masa jini da kolestarol, a yi masa lissafin haɗari. Ba mu da kuɗinsu, amma abin da nake nema bai kai nasu ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, jihohi kuma suna cirar kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashin ma'aikata duk wata. A sa wannan gwaji a ciki ga duk wanda ya kai arba'in, da duk wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a gidansu ko bai kai ba. Sannan a wajabta wa lab cewa duk sakamakon da LDL ya kai 4.9, kada a miƙa wa mutum a ninke kawai, a rubuta masa da Hausa cewa ya ga likita, ya kuma kawo 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Gwamnan da ke son a yanke ƙyalle a gaban sabuwar na'urar CT, ya fara tambaya ko na'urar awon jinin asibitin ƙauyensu tana da batir.

Ni na je na yi nawa gwajin wata guda bayan rasuwar Baffa. Likitar ta duba takardar, ta ɗago ta ce, “Malam, naka 3.1 ne, ba ka gada ba. Amma jininka 150 bisa 95, ka san da haka?” Ban sani ba. Na je neman abu ɗaya na dawo da wani.

'Ya'yan Baffa biyar ne. Na kwashe huɗu a mota ranar wata Asabar, Inna tana ta faɗan me za a tsikari yara lafiyarsu ƙalau. Biyu sun fito da irin lambar mahaifinsu, ɗaya a cikinsu autar gidan ce, shekararta 19, ko nauyin buhun siminti ba ta kai ba. Yanzu tana shan ƙwaya ɗaya duk dare, ta ɗauki hoton takardar a wayarta, an kuma gaya mata abin da za ta yi in ta yi aure ta samu ciki. Babban wansu ne bai bi mu ba. Na kira shi sau uku. Na farko ya ce kasuwa, na biyu ya ce sai bayan sallah, na uku ya ce, “Yaya, ni fa ban son a tono mini abin da yake kwance.” Shekararsa 31, kuma duk dangi sun ce shi ne ya ɗebo kamannin Baffa sak.